Peugeot 406 ko Passat: wadda kawunka zai ɗauka

Jiya muna tattara sifanu ka ce kawunka na Dass ya haɗa kuɗin motar iyali, dillali ya nuna masa Peugeot 406 da Volkswagen Passat, ya aiko ka ka ji ta bakina. Ban amsa ba don magariba ta kawo jiki. Jawo benci, ɗana, gobe kai za a tambaya ba na kusa.

Sa'o'in juna ne. An fara 406 a Faransa a 1995, Passat ɗin da ake kira B5 kuma ta fito daga Jamus a 1996. Duk wadda ya ɗauka ta kusa shekara ashirin ko ta haura, don haka kada ƙyallin fenti ya ruɗe ku. In don jiki ne, Passat ta fi. Ƙarfenta ba ya saurin tsatsa, rufe ƙofarta ka ji sauti, kuma a titin Jos tana kwantawa kamar an ɗaure ta da kwalta. Ba na ɓoye wannan, ni kaina ina son tuƙa ta.

Amma shiga ƙarƙashinta ka ƙirga. Ƙafar gaba ta Passat hannuwa huɗu gare ta kowane gefe, takwas ke nan, kowane da bushinsa da ƙwallonsa. Daga Audi A4 ta gado wannan. Kan titi mai laushi abin daɗi ne. Ka sa ta a hanyar ƙauye mai gargada damina ɗaya, sai ta fara ƙwas-ƙwas. Ka canza hannu biyu yau, wata mai zuwa wasu biyun su amsa. Ita 406 hannu ɗaya ne a ƙasa kowane gefe da shokozoba, aikin da ko kai za ka gama kafin azahar. Haka taimin bel, wato bel ɗin da ke daidaita motsin bawul da juyin injin: injin Passat a miƙe yake, sai ka kwance bamba ka jawo fuskar motar gaba kafin hannunka ya kai. Kuɗin aiki ya ƙaru tun ba a sayi bel ba.

Sai ruwa. Batirin Passat a wani kwarmi yake ƙasan gilashin gaba, da 'yan ramukan da ruwa ke zurarewa. Ganye da ƙurar hunturu su toshe su, ruwan Agusta ya taru ya gangara cikin mota, ya samu ƙwaƙwalwar da ke kula da gilasai da makullai a ƙarƙashin kafet wajen ƙafar direba. Kafin ka zo gareji an taɓa kawo mini wata da gilasanta ke sauka da kansu cikin dare, mai ita har ya sa an yi mata hayaƙi da tofi. Na ɗaga kafet, soson ƙasa jiƙe sharkaf. In mai injin 1.8 turbo ce kuwa, buɗe murfin baƙin mai ka leƙa. Wanda ya riƙa zuba mata man juye yana jinkirin sauyawa, za ka ga ya daskare kamar kwalta, shi ke toshe matatar da ke cikin kaskon mai har injin ya buga.

Kada ka ɗauka 406 waliyyiya ce. Ciwonta giya mai sarrafa kanta, wadda ake kira AL4. In ta yi zafi ko sulonoyid, ɗan bawul na lantarki da ke sarrafa man giyar, ya gaji, sai ta buga ta maƙale a giya ta uku. Ka gaya wa kawu ya nemi mai kuloci, ko da ƙafarsa za ta yi ƙorafi a cunkoson Wunti. Waɗanda aka sake wa fuska daga 1999 kuma wayarinsu sun fi yawa, akwai akwatin BSI, ƙwaƙwalwar da ke kula da wayarin motar, kuma ba ya yafe wa mai riwayar da ke yanka waya da reza yana haɗawa da leda. Duba ƙarƙashin sitiyari, in ka ga an yi wa wayoyi kitso, ku bar ta.

Bari in faɗi wani abu da ke ci mini rai, duka biyun ya shafa. Mutanenmu na cire tamostat, abin da ke daidaita zafin injin, su haɗa fanka kai tsaye, su cika lagireto da ruwan rijiya, wai ƙasarmu zafi. Injin ba ya kai zafin da ya kamata, ya yi ta shan fetur, ruwan kuma ya ci hanyoyinsa. Kada in kama ka kana yi a garejina.

Abin da ya sa na karkata ga 406 shi ne gida ta sani. Kamfanin PAN na Kaduna, da ya fara haɗa mota tun 1975, ya haɗa ta a nan, ma'aikatun gwamnati sun yi ta hawa. Shi ya sa kayanta ke ko'ina, sabo da na Beljiyam. Abin da babu a Bauchi, ka kira Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano a sako maka a mota ya kwana a hannunka. In 406 ta mutu masa a Alƙaleri da iyali a ciki, zai samu wanda ya san hancinta. Passat a wurin, sai dai a yi ta lalube da kuɗinsa. Da alhajin GRA ne mai mota ta biyu, wanda tafiyarsa Abuja ce, da wata maganar na yi. Kawunka ɗan albashi ne, ga hanyar gona.

Ka ce masa kada ya ba da ko sisi tukuna. Dillali ya kawo 406 ɗin ranar Asabar da sassafe ya ajiye, mu bar injin ya huce sarai, don da sanyi yake faɗin gaskiya. Kai za ka shiga rami da tocila, ni ina tsaye. Kuma ya ware kuɗin taimin bel da famfon ruwa daban, ko dillali ya rantse jiya aka sa, don in bel ɗin ya tsinke a tafe bawul ne ke lanƙwashewa.