Ku Tambayi Baba: Zan Yabi Allah Alhali Raina a Ɓace Yake?

Tambaya: Baba, ina gaishe ka cikin sunan Yesu. Ni ce ke riƙe da littafin sayayya a ofishinmu. Wata uku ke nan albashi ba ya zuwa a kan lokaci. Abokan aikina in an aike su sayen kaya sai su ƙara kuɗi a kan rasit, su ce haƙƙinsu suke cirewa, kuma sun ce in kau da kai in sa hannu a ba ni kasona. Ban yarda ba, amma kullum cikin mita nake, a ofis da gida. Mahaifiyata ta ce in bar gunaguni in yabi Allah. To Baba, in na ce "Na gode Ubangiji" alhali zuciyata cike take da haushi, ba ƙarya na yi ba? Daga 'yarka cikin Ubangiji.

Amsa: 'Yata, Ubangiji ya ƙarfafa ki. Tun da ba ki sa hannu a rasit ɗin nan ba, kada ki sa. Wannan na fara faɗa miki don shi ne na gaggawa.

Kin kawo mini maganar rasit da maganar yabo kamar abu biyu ne, ni kuwa a ganina jijiyarsu ɗaya. Abokan aikinki ba rana ɗaya suka wayi gari suka fara ƙari a kan rasit ba. Sai da aka yi watanni ana zama ana cewa "ai cutarmu ake yi", "ai ba wanda ya damu da mu", har zuciya ta gamsu cewa abin da aka ɗauka ba sata ba ne. Mita ce ta share wa hannu hanya. Shi ya sa nake jin tsoron mitar da kike yi fiye da tayin da suka yi miki.

Ki buɗe Littafin Ƙidaya sura 11 ki ga yadda gunaguni yake sa mutum ƙarya bai sani ba. Isra'ilawa suna jeji, manna tana sauko musu, sai suka fara kuka suna tuna kifin da suka ci a Masar, wai kyauta suka ci shi. Kyauta? Mutanen da aka tilasta wa yin tubali, aka hana su ciyawar haɗa shi, aka ba da umarni a jefa 'ya'yansu maza a kogi? A sura 16 kuma Datan da Abiram, waɗanda suka yi wa Musa tawaye, suka ƙi zuwa da ya aika a kira su, suka kira Masar ƙasa mai zuba da madara da zuma. Sunan da Allah ya ba ƙasar alkawari suka ɗauka suka liƙa wa gidan bauta. Mai gunaguni yana ganin shi ne mai faɗin gaskiya tsirararta, alhali ya yanke rabin labarin ya jefar. Kin kuma san inda abin ya kai su: 'yan leƙen asiri 12 suka tafi, 10 suka dawo da labari mai karya zuciya, jama'a suka kwana suna kuka, ƙarshenta shekara 40 suka yi a jeji.

Amma tambayarki tana da nauyi, ba zan share ta ba. Allah ba ya son a yi masa murmushin dole. Wanda ya ce kada mu yi wa juna ƙarya ba zai so a zo gabansa da ita ba. Ki karanta Zabura 13. Ayoyi 6 ne kacal, amma sau 4 Dawuda ya tambayi Ubangiji "har yaushe?" Ya ce an manta da shi, ya ce maƙiyi ya rinjaye shi. Zabura 88 ma ta fi wannan zafi, don daga farkonta har ƙarshe cikin duhu take, ba ta rufe da murna ba, kuma tana nan cikin Littafi Mai Tsarki ba wanda ya cire ta. Bambancin Dawuda da mutanen jeji shi ne wurin da kowa ya kai damuwarsa. Su a ƙofar alfarwansu suka yi ta zuga juna, shi kuwa wurin Allah ya tafi da ita kai tsaye. Don haka in kin durƙusa yau da dare, ki faɗa masa yadda take: "Ubangiji, an riƙe mini albashi, raina a ɓace yake, kuma kuɗin nan da suke miƙo mini ina jin kwaɗayinsu." Wannan addu'a ce, kuma mai tsabta.

In kin gama, kada ki tashi nan da nan. Ki ci gaba da faɗin gaskiya, sauran rabin da mita take ɓoyewa. Kina da aikin da ake bin bashin albashinsa. Kina da uwar da take raye har tana yi miki faɗa. Hannunki bai taɓa kuɗin haram ba har yanzu, kuma ba ƙarfinki kaɗai ya riƙe shi ba. Wanne ne ƙarya a cikin waɗannan? Yabo ba ya bukatar ki ce kina jin daɗi, abin da yake nema shi ne ki faɗi abin da Allah ya yi. Annabi Habakuk sai da ya lissafa ɓaure da bai yi toho ba, da inabi da zaitun da suka ƙi 'ya'ya, da garken da ba tumaki ba shanu, sa'an nan ya ce duk da haka zai yi murna cikin Ubangiji. Bai rage ko ɗaya daga cikin asararsa ba.

Ina so ki zauna da Ayyukan Manzanni sura 16 a wannan mako. A Filibi aka tuɓe wa Bulus da Sila riguna, aka zane su da sanduna, aka kai su can cikin kurkuku, aka sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a suna waƙar yabo, sauran 'yan sarƙa suna sauraro. Ƙasa ta girgiza, ƙofofi suka buɗe, sarƙoƙi suka kwance. Ga hanya a buɗe, ga duhu, ga hujja, tun da ba bisa shari'a aka kulle su ba. Ba su gudu ba. Da mai gadin kurkukun ya zare takobi zai kashe kansa, Bulus ne ya ɗaga murya ya ce duk suna nan. Sashen da ba a cika yin wa'azi a kansa ba shi ne na safiya: da mahukunta suka aiko a sake su a ɓoye, Bulus ya ƙi. Ya ce su Romawa ne, an doke su a bainar jama'a ba tare da shari'a ba, sai mahukuntan su zo da kansu su fito da su. Suka kuwa zo suna ba da haƙuri. Bakin da ya yi waƙa da dare shi ne ya nemi haƙƙinsa da safe.

Saboda haka ki nemi albashinki, kada kunya ta hana ki. Firistoci 19:13 ta hana a kwana da ladan ɗan ƙodago, Yakubu 5:4 kuma ta ce ladan da aka danne wa ma'aikata yana kuka har Ubangiji yana ji. Ku rubuta takarda, ku sa sunayenku a fili, ku kai wa masu biyan ku. Abokan aikinki kuwa ba sai kin yi musu wa'azi ba. Ki ce musu, "Ni abin da aka saya kawai zan rubuta, takardar neman albashi kuwa ni ce ta farko da zan sa hannu." Wasu za su ɗauke miki gaisuwa, wannan kam ki shirya masa. Ki kuma riƙa adana kwafin duk rasit ɗin da ya bi ta hannunki, don ran da aka zo bincike sunanki ne a kan littafin.

Tambaya: Baba, akwai wanda yake bina bashi. In ya zo nakan ce wa ɗana ya ce masa ba na nan. Ba niyyar cinye kuɗin nake da ita ba, kunya ce kawai. Akwai laifi? Daga wani uba.

Amsa: Ɗana, akwai, kuma yaron ne ya fi ba ni tausayi. Kai kana guje wa kunyar minti biyar, shi kuwa yana koyon cewa in abu ya yi tsanani ƙarya ce mafita, kuma daga bakin ubansa ya koya. Gobe in ka tambaye shi ina ya je, da wace fuska za ka nemi gaskiya a wurinsa? Yesu ya ce a Matiyu 5:37 i ɗinmu ya zama i, a'a kuma ya zama a'a. Ka fita da kanka ka sami mutumin, ka gaya masa abin da ke hannunka da ranar da za ka iya kawo saura, ranar da ka tabbata za ka cika. In da hali, yaron ya kasance a wurin yana ji.