Amsoshin Tambayoyinku: Kafin a kankare miki haƙori don finir

Tambaya: Haƙorana na gaba sun yi dabbare-dabbare ruwan ƙasa tun ina yarinya, ɗaya kuma ya ɗan ɓalle a baki. Wani asibiti a Jidda ya ce a sa mini finir guda ashirin, sama da ƙasa. Yana daɗewa? In yi? Daga wata 'yar'uwa a Shara Mansur, Makka.

Amsa: 'Yar'uwa, finir, wanda asibitocin nan ke kira adasat, siririn ɓawon tangaran ne da ake mannawa a fuskar haƙori. Kaurinsa yakan kama daga milimita 0.3 zuwa 0.7, kuma kusan haka ake kankarewa daga haƙorin. Abin da aka kankare ba ya tsirowa.

Idan aiki ya yi kyau, bincike ya nuna sama da kashi 90 cikin 100 suna haura shekara 10. Amma da sharaɗi: a manna shi a kan farin ɓawon haƙori mai tauri, wanda Larabawa ke cewa mina. Gam ɗin yana kama shi sosai. In likita ya zurfafa kankara har ya isa rawayen da ke ƙarƙashi, riƙon ya raunana, sai ki ji tsami in kin sha ruwan sanyi, gefensa ya yi baƙi, ko ya ciro gaba ɗaya. Don haka ki nemi a fara gwada miki siffar da roba a bakinki kafin inji ya taɓa ki.

Ashirin ɗin nan ba mu yarda da shi ba. Yawanci haƙoran sama takwas zuwa goma ne ke fitowa a murmushi. Tabon da kika bayyana ya yi kama da na yawan sinadarin fulorayid a ruwan sha, kuma sau da yawa wankin haƙori na asibiti mai ƙara masa fari da ɗan ciko mai launin haƙori sun wadatar. In za a yi wankin, a yi shi tukuna, a jira kamar mako biyu, don tangaran ba ya ƙara haske bayan an manna shi. In kuma dasashinki na jini, a fara maganinsa.

Tambaya: An sa mini finir wata takwas da suka wuce, biyu sun tsage. Algus ne? Daga wani ɗan'uwa a Madina.

Amsa: Ba lallai ba. Malam, ka tambayi iyalinka ko kana tauna haƙora cikin barci, shi ne babban mai fasa finir. Maganinsa robar kariya da likita zai auna maka, ka riƙa kwana da ita. Ka daina fasa fasfas, 'ya'yan nan masu ɓawo da ake ɓarewa a ci, ko gatsar goro da haƙoran gaba. Gahawa da shayi ba sa rina tangaran ɗin kansa, layin gam na gefe suke rinawa. Asuwaki kuwa ka ci gaba, a hankali wajen dasashi. Wanda ya tsage yawanci sai dai a sake sabo, bayan likita ya duba yadda haƙoranka na sama da na ƙasa ke haɗuwa.