Tambayi Likita: Ramukan kuraje a fuskata, ga biki ya matso

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Shekarata 24. Tun ina sakandare nake fama da kurajen fuska, kuma na saba matse su. Yanzu sun ragu, sai ɗaya biyu lokacin al'ada, amma kumatuna duk ƙananan ramuka kamar zanzana. Mai gyaran jiki ta haɗa min mai da dilka, wata uku ina amfani da su, na yi haske amma ramukan suna nan. Wata ƙawata ta ce in je a yi min leza, wato gyaran fata da na'ura mai haske mai ƙarfi, wata kuma ta ce in sayi abin nan mai ƙananan allurai da ake mirginawa a fuska. An sa bikina nan da wata biyu. Wanne zan zaɓa?
Wata baiwar Allah, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya.

Hasken nan da kika yi cikin wata uku shi ya fara tayar min da hankali. Mayukan haɗi sau da yawa akwai wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid a cikinsu, wanda ke sa fata ta yi laushi ta sirance, ya kuma haifar da sababbin kuraje. Ki riƙe robar man ki tafi da ita wurin likita, domin idan an daɗe ana shafa shi, a hankali ake janye shi, in ba haka ba fuska takan yi bore. Dilka kuwa saman fata take gogewa. Shi rami a ƙasa yake, inda kurjin ya cinye kolajin, wato zaruruwan da ke riƙe fata.

Kafin maganar zaɓi, ki tsaya da madubi kusa da taga, haske ya bugi fuskarki ta gefe, ki sa yatsu biyu ki ja fatar kumatun. Ramin da ya baje ya ɓace, mai kama da tudu da kwari, wasu zaruruwa ne ke jan sa daga ƙasa. Maganinsa a yi wa wurin allurar kashe zafi, a zura allura ƙarƙashin fata a yanke zaruruwan, sai fatar ta ɗago. Wurin yakan yi taruwar jini na mako ɗaya zuwa biyu. Wanda ya ƙi bajewa, ɗan siriri mai zurfi kamar hudar allura, shi ne mai taurin kai, ko leza ba ta cika kai wa ƙarshensa ba. Likita yakan ɗiga asid mai suna TCA da bakin tsinke a cikin ramin kaɗai, a maimaita bayan mako 4 zuwa 6. Akwai kuma mai faɗi da kaifin baki irin tabon ƙarambau, nan ne ƙananan allurai ko leza suka fi aiki. Yawancin waɗanda nake dubawa suna da iri biyu ko uku a fuska ɗaya, shi ya sa ba na yarda da wanda zai yanke miki farashi ta waya bai ga fuskar ba.

Leza tana aiki, amma fatarmu baƙa ce, kuma zafi yana tunzura ta ta ƙara fitar da launi. Sai rami ya ɗan cike, baƙin tabo ya maye gurbinsa na watanni. Ƙananan allurai sun fi ƙarancin haɗari a fatarmu idan a asibiti aka yi, zama 3 zuwa 6, wata guda tsakani. Na gida dai ban ba ki shawara ba: gajerun ba sa kai wa inda matsalar take, dogayen suna shigar da ƙwayar cuta, kuma aron na ƙawa hanya ce ta kamuwa da ciwon hanta. Idan kin taɓa samun tabo mai tudu, kamar bayan hudar kunne, ki faɗa wa likita tun kafin a taɓa ki.

To ga amsata: kada a yi miki ko ɗaya kafin biki. Sabon kolajin yana ɗaukar wata 3 zuwa 6 kafin a ga amfaninsa, amma baƙin tabo cikin 'yan makonni yake bayyana, wato daidai ranar kamu. Kuma ba a gyaran rami kuraje na ci gaba da fitowa. Ko bayan an yi aikin, ramukan raguwa suke yi su yi laushi, ba sa gogewa gaba ɗaya.

A wata biyun nan ki je sashen fata na asibitin koyarwa da ke Shika, tunda kusa yake da ke. Ki daina matsa, ki riƙa shafa man kariyar rana mai lamba 30 kowace safiya. Wataƙila a rubuta miki man kuraje na shafawa da dare, adafalin ko tiretinoyin, to ki sanar da likitan cewa aure za ki yi, domin mai ciki ba ta shafa su. Ranar biki mai kwalliya tana da abin da take fara shafawa ya cike ramuka kafin hoda. Bayan an watse kin huta, sai ku zauna da likitan ku tsara wanda za a fara.