Amsa ga mai tambaya kan cuɗa irin gyaɗa da wake da hodar Trichoderma

Wa alaikumus salam. Malam, na ga tambayarka tun jiya, na dakata ne ko malaman gona da ke cikinmu za su tanka. Tunda shiru, bari in faɗi iya abin da na sani, in sun zo sai su ƙara. Ka ce bara gyaɗarka da wakenka sun fito gibi-gibi, wasu ma sun tsiro lafiya lau sannan suka kwanta suka bushe tun kafin noman fari, kuma wani mai shago ya nuna maka hodar Trichoderma ya ce fumfuna ce mai amfani, a cuɗa iri da ita kafin shuka. Kana son sanin ko gaskiya ce ko cin kuɗi ne, da yadda ake yi.

Gaskiya ce, ina amfani da ita a gyaɗa da wake da waken suya. Amma kafin ka fitar da ko sisi, ka tabbatar da abin da ya kashe maka shukar, domin ba kowane gibi ne aikinta ba.

Da ka tona ramukan da ba su fito ba, me ka tarar? In babu irin sam, to fakara ce ko ɓera ko kurege, babu ruwan fumfuna. In ka ga an ƙwaƙule cikin ƙwayar, gara ce ko ƙadandoniya. In irin yana nan kalau bai ko kumbura ba, ko dai mataccen iri ne ko ruwa bai kai gare shi ba. Wanda ya shafi tambayarka shi ne idan ka tarar da ƙwayar ta yi laushi ta ruɓe tana wari, ko tsiron ya fito amma daidai inda karansa ya haɗu da ƙasa ya tsuke ya yi ruwan ƙasa, kana taɓa shi ya karye. A gyaɗa, in ka tuge wadda ta yi yaushi ka ga baƙar hoda ta lulluɓe wuyanta har tana shafar yatsa, wannan Aspergillus niger ce, ta fi ɓarna a jigawa idan ruwa ya ɗauke rana ta buɗe bayan shuka. In farin zare ka gani ya kewaye gindin, da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu ruwan ƙasa a jikinsa, Sclerotium ce. A wake kuma, musamman can arewa inda ƙasa ke zafi da fari, akwai Macrophomina mai sa kara ya yi toka-toka. Su da Rhizoctonia da Pythium da Fusarium duk fumfuna ne masu cuta, wasu a ƙasa suke zaune, wasu tare da irin ake kai su gona.

Ita ma Trichoderma fumfuna ce ta cikin ƙasa, koriya, akwai ta a gonaki da ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye ko ba wanda ya sa. Tun 1932 wani masani a Amurka mai suna Weindling ya nuna tana cin 'yan'uwanta masu cuta irin su Rhizoctonia. Tana da saurin girma, to in ta riga su isa jikin iri sai ta mamaye wurin, ta bi sabuwar saiwa tana tafiya da ita. In ta ci karo da zaren mai cutar ta nannaɗe shi, ta fitar da ruwan da ke narka bangonsa. Wasu nau'o'inta kan ƙara wa saiwa gashi da tsawo, shi ya sa wani lokaci za ka ga tsiron ya fi kauri. Sunayen da za ka fi gani a jikin leda su ne harzianum da viride da asperellum.

Abin da mutane ke mantawa shi ne hodar nan rayayyiya ce. Farin da kake gani hoda ce kawai da aka ɗora ƙwayoyin fumfunar a kanta, su kuma ƙwayoyin zafi na kashe su. Irin ta hodar nan ba ta cika wuce wata 4 zuwa 6 da ƙarfinta ba, shi ma in an ajiye ta a sanyi. To ka tuna yadda shagunan maganin gona suke a Afrilu da Mayu, rufin kwano, kaya a jere a bakin titi rana na dukansu. Yawancin waɗanda na ji suna cewa sun gwada ba ta yi komai ba, ina kyautata zaton gawa suka saya. Ka duba ranar da aka yi ta, ba ranar ƙarewa kaɗai ba, ka duba lambar NAFDAC, ka kuma lura da inda mai shagon ya ɗauko ta.

Akwai ɗan gwajin da nake yi a gida. Na kan dafa shinkafa da ɗan tauri, in ta huce in raba a roba biyu masu tsabta, ɗaya in barbaɗa hodar kaɗan, ɗaya in bar ta haka, in rufe in ajiye a inuwa. In hodar na da rai, cikin kwana 3 zuwa 5 za ka ga farin gashi ya rufe shinkafar baki ɗaya, sannan ya rikiɗe ya zama kore shar. Roba ta biyun ce shaidarka, domin shinkafa ko ba a sa mata komai ba za ta yi fumfuna daga baya, sai dai tabo-tabo take yi, launi daban-daban. Ba gwajin ɗakin bincike ba ne, amma in mako ya cika robar farko ba ta nuna komai ba, ba na ɓata irina.

Cuɗawar kanta ba wuya. Awon da aka fi bayarwa shi ne giram 4 zuwa 10 ga kowane kilo na iri, wato kilo 10 zai ci giram 40 zuwa 100, amma abin da ke rubuce a ledar da ka saya shi za ka bi. Mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, saboda haka ka ɗora naka a sikeli ka san nauyinsa. Don hodar ta manne a jikin irin, sai ka jiƙa ƙaro tun dare ya narke, ko ka dama sukari a ruwa in babu ƙaron. Ka zuba irin a baho a inuwa, ka yayyafa ruwan kaɗan-kaɗan kana juyawa har kowace ƙwaya ta yi ɗan sheƙi. In ka ga ruwa ya kwanta a gindin bahon ka wuce gona da iri. Sannan ka barbaɗa hodar, ka ci gaba da juyawa har irin ya yi fari-fari. A shanya a kan buhu a inuwa kamar rabin awa ya sha iska, a shuka a ranar. Abin da za ka iya shukawa a yinin kaɗai za ka cuɗa.

Gyaɗa sai da lallashi. Jan ɓawon nan nata shi ne rigarta, da ya ji ruwa yake saɓulewa, in ya saɓule ƙwayar ta rabe biyu to ta tashi aiki. Ba na sa hannu in murza. Ina zuba ta a buhu ko babbar ƙwarya ne in riƙa mirginawa a hankali, ruwan ma na rage shi ƙwarai. Kuma kada ka ɓare gyaɗar iri tun da wuri ka ajiye, bari sai shuka ta matso, ka tsince masu yamushi da masu baƙin tabo ka zubar. Waken suya shi ma kada a jiƙa shi cikin ruwa da sunan hodar ta shiga, fatarsa tattarewa take ta yage. Wake ya fi su juriya, sai dai wanda ƙwaro ya huda babu hodar da za ta tashe shi. Ka ƙirga ƙwaya 100 ka nannaɗe a jiƙaƙƙen buhu, in waɗanda suka tsiro ba su kai 80 ba, matsalarka ta fara ne daga rumbu.

Kada ka yi binne da irin da ka cuɗa. Ƙasar da ba ka iya takawa ba takalmi da azahar za ta gasa ƙwayoyin fumfunar kafin ruwa ya sauka. Jira ruwa ya jiƙa ƙasa sosai, ka shuka da safe ko da yamma, a rufe rami nan take.

Sai batun da na san zai biyo baya, wato haɗa ta da maganin iri na kanti. Ni ba na haɗawa. Apron Star da muka saba da shi yana ɗauke da maganin ƙwari guda da magungunan fumfuna biyu, metalaxyl-M da difenoconazole, shi kuwa magani bai san wannan fumfunar ta gida ce ba. Duk wanda ke da carbendazim a ciki ma ya fi tsanani a kanta. Sai ka zaɓi ɗaya. Kuma in faɗa maka ra'ayina tsakani da Allah: a busasshiyar jigawa wadda ta daɗe ba ta ga taki ba, inda baƙar hodar nan ke cin gyaɗa duk shekara, maganin kanti ya fi tabbas, ga shi yana kare tsiro daga ƙwari, abin da Trichoderma ba ta yi. Inda na ga ta yi rawar gani shi ne gonar da ake kai wa takin gargajiya, ƙasar na riƙe danshi. Can tana samun abin ci ta zauna. Saboda haka ma na kan ware wani kaso na hodar in gauraya da ruɓaɓɓen takin shanu, kamar kilo 1 a kilo 50 zuwa 100, in yayyafa ruwa in rufe da buhu a inuwa mako guda zuwa kwana 10. In ka ɗaga buhun za ka ga kore ya bi saman takin. Shi nake zubawa a kunya. Ɗanyen taki mai zafi kuwa kashe ta yake.

Abin da Trichoderma ke zama lafiya da shi kuwa shi ne rizobiyam, irin NoduMax da cibiyar IITA ta Ibadan ke yi don waken suya, giram 100 ga kilo 10 na iri. Shi ba fumfuna ba ne, bakteriya ce mai sa 'yan ƙulle-ƙullen nan a saiwa waɗanda ke jawo wa shuka sinadarin da muke saye a buhun yuriya. In ka fasa ƙullin ka ga cikinsa ja-ja, yana aiki. Ana fara sa Trichoderma, ta ɗan sha iska, sannan a bi da rizobiyam. Ko ɗaya cikinsu bai ɗauke maka sa takin supa mai fosfaras ba. Gyaɗa da wake da waken suya duk masu son fosfaras ne, ƙasarmu kuma ta yi ƙarancinsa.

Tunda an zo nan, akwai wasu biyu da ake rikita su da ita. Ɗaya maikoraiza, fumfunar da ke shiga cikin saiwa ta miƙa zare nesa tana ɗebo wa shuka fosfaras da ruwa. Tana da amfani, amma galibin gonaki suna da tasu, kuma aikinta ba ya bayyana a makonnin farko, to ba ita ce maganin gibinka ba. Ɗayar Aflasafe, shuɗiyar dawar nan da aka lulluɓe da wata fumfuna marar guba. Ita watsawa ake yi a gonar gyaɗa ko masara, kilo 10 a hekta, mako 2 zuwa 3 kafin fure, don rage gubar aflatoksin a amfanin gona. Ba a cuɗa iri da ita.

In ni ne kai, bana ba zan sa duk irina a hanya ɗaya ba. Iri ɗaya, rana ɗaya, gona ɗaya: kunya kaɗan da Trichoderma, kaɗan da maganin kanti, kaɗan ba komai, a jera su a cakuɗe, kada wani kaso ya faɗa gindin gawo shi kaɗai ya ci banza. Ka kafa tsinke ka ɗaura tsumma mai launi a bakin kowace kunya, don bayan noman fari ba za ka tuna ba. Ka ƙirga ramukan da suka fito bayan kwana 10, ka sake ƙirgawa bayan wata guda, domin ruɓewar wuyan gyaɗa sau da yawa sai bayan fitowa take kwantar da tsiro. Ka tuge biyu-uku daga kowane kaso ka wanke saiwar ka jera su a ƙasa ka duba. In shekarar ta zo da ruwa daidai kuma cutar ba ta taso ba, kana iya ganin duk kason sun yi kai ɗaya, wannan ba ya nufin hodar jabu ce.

Ka sa takunkumi lokacin barbaɗawa, ka wanke hannu, ragowar irin da aka cuɗa kuma kada ya koma tukunya ko a ba dabbobi, balle wanda ya sha maganin kanti. In da hali ka ɗauki hoton bayan ledar da mai shagon ya nuna maka ka turo, inda aka rubuta nau'in da ranar da aka yi ta, ka kuma faɗa mana gonar jigawa ce ko laka, da abin da ka shuka a cikinta shekaru biyun da suka wuce.