Zane mai kama da gaske ko na katun: amsata ga tambayarka

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gem ɗin da ya fi kama da mutanen gaske shi ya fi inganci, masu zanen katun kuma na yara ne. Ni ma da wannan tunanin na taso.

Muna yara, a shagon gem muke tara kuɗin kashewarmu mu buga GTA San Andreas a PS2, wanda ya fito a 2004. Wallahi a lokacin gani muke CJ, jarumin gem ɗin, mutum ne sak. Bara na sake kunna shi, sai ga yatsunsa a manne kamar an zura masa safa a hannu, fuskar kuma kamar da gatari aka sassaƙa ta. Duk gem ɗin da ya ce zai kwaikwayi duniya, da idonka yake gasa, kuma kowace sabuwar na'ura sai ta tona masa asiri.

Ka duba labarin Zelda: The Wind Waker. A 2000 Nintendo, masu yin gem ɗin Zelda, ta nuna wani ɗan bidiyo na Link, jarumin gem ɗin, da abokin gabarsa Ganondorf suna gwabzawa da takubba, da kamanni irin na gaske. Da shekara ta zagayo, sai suka fito da Link mai ƙaton kai da dara-daran idanu. Mutane suka yi ca, har suka laƙaba masa "Celda" don ba'a. A 2002 gem ɗin ya fito a Japan da wannan zanen na katun. Su waɗannan idanun da aka yi wa dariya aiki suke yi: ka shiga ɗaki ka rasa hanya, sai ka ga Link ya karkata ido wajen abin da ya kamata ka taɓa. Da aka sabunta gem ɗin a 2013, gyaran haske da tsabtar hoto kusan sun isa, zanen bai tsufa ba. Wani gem ɗin Zelda, Twilight Princess na 2006, wanda aka yi don huce haushin masu son na gaske, a idona ya riga shi furfura.

Kada ka ce na tsani na gaske. A gem ɗin ƙwallo ina so in gane ɗan wasa tun daga gudunsa. Red Dead Redemption 2 na 2018 kuma, in ka cire taɓon da ke manne wa kaya da sawun doki a cikin ƙanƙara, ka cire rabin daɗinsa. Sai dai ka tanadi wajen gigabait 100, da data, da haƙuri da wuta.

Abin da ya ƙarasa sauya mini ra'ayi shi ne PUBG, gem ɗin harbe-harbe, a waya. Na kai zanen ƙololuwa don burgewa, wayar ta ɗau zafi kamar dutsen guga, ana ta harbe ni ban ga mai harbin ba. Wani ƙanena ya karɓa ya mayar da shi mafi ƙasa, inuwa ta ragu, motsi ya daidaita, nan take na fara hango masu rarrafe. Har yau a haka nake bugawa.