Ta Yaya Zan Sami Taron Masu Taimakon Juna Wajen Barin Giya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni magidanci ne a Kaduna, kuma na daɗe ina shan giya a ɓoye. Na sha yin rantsuwa cewa na daina, amma da zarar an biya albashi sai in koma ruwa. Na ji ana cewa akwai tarukan da waɗanda suka bar sha suke haɗuwa suna ƙarfafa wa juna gwiwa. Ta yaya zan sami irin wannan taro kusa da ni ba tare da asirina ya tonu ba? Don Allah a sakaya sunana.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Tarukan da ka ji labarinsu suna nan, amma kafin mu kai gare su akwai abin da ya wajaba ka sani. Wanda ya shekara da shekaru yana sha kusan kullum, idan ya yanke a rana ɗaya ba tare da kulawar likita ba, jikinsa yana iya yin bore. Cikin sa'o'i kaɗan hannu yakan soma karkarwa, gumi ya keto, barci ya ƙaurace, kuma a rana ta biyu zuwa ta uku wasu sukan kai ga farfaɗiya ko ruɗewar hankali da gane-gane, abin da yake iya halaka mutum. Saboda haka, idan kana wayar gari da rawar hannu wadda ba ta lafawa sai ka kurɓa, ka fara da asibiti.

A nan ka yi sa'a, domin Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa yana kula da masu fama da shaye-shaye, kuma akwai irinsa a Kware ta jihar Sakkwato da kuma Maiduguri. Na san mutane da yawa suna ƙyamar shiga wurin don kada a ce sun taɓu, alhali a can ne likitoci da masu ba da shawara suka fi sanin inda tsofaffin majinyata suke haɗuwa. Irin waɗannan taruka ba a kafa musu allo a bakin titi, musamman a Arewa inda abin yake tattare da kunya da tsoron hukuma, don haka ta bakin ma'aikatan lafiya aka fi samunsu. Ka tambaye su kai tsaye: akwai rukunin taimakon juna, yaushe yake zama, wa zan tuntuɓa? Hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma ta buɗe layin waya na kyauta a shekarar 2022, wato 080010203040, inda ake ba da shawara a sirrance dare da rana.

Ƙungiyar da ta fi shahara a wannan fanni ita ce Alcoholics Anonymous, wadda aka fi sani da AA. Mutum biyu da giya ta wahalar, Bill Wilson da likita Bob Smith, su suka assasa ta a garin Akron na Amurka a shekarar 1935, kuma a Najeriya an fi samun tarukanta a manyan birane irin su Legas da Abuja. Idan ba ka sami na kusa ba, akwai ɗimbin taruka ta intanet a kowace sa'a, yawanci ta manhajar Zoom, inda za ka iya rufe kyamara ka saurara kawai. Galibinsu da Turanci ake yi.

Game da asiri kuwa, tsarin AA a kansa aka gina shi. Ba a biyan kuɗin shiga, ba a neman katin shaida, sunan farko kaɗai ake ambata, kuma sharaɗin zama mamba ɗaya ne tak: niyyar daina sha. Ana zama kamar na sa'a guda, kowa ya faɗi halin da yake ciki ba tare da an katse shi ko an yi masa wa'azi ba, wanda ba ya son magana kuma ya yi shiru abinsa. Akwai taron da kowa zai iya halarta, akwai kuma wanda aka keɓe wa masu matsalar kaɗai. Na biyun ya fi dacewa da kai. Bayan ɗan lokaci za ka zaɓi wanda ya riga ka daina sha ya zama madogararka, wanda za ka buga wa waya a daidai lokacin da kuɗin wata suka shigo kuma ƙafarka ta fara karkata zuwa mashaya. A ganina wannan ne babban amfanin taron, domin rantsuwar da mutum ya yi shi kaɗai a ɗaki ba ta da mai tuna masa da ita. Sai dai ka sani cewa alkawarin rufin asiri ne tsakanin mutane, ba doka ba, don haka kada ka bayyana wurin aikinka ko unguwarku tun a zaman farko.

Wasu Musulmi sukan yi ɗari-ɗari da AA saboda ta samo asali ne a tsakanin Kiristoci, kuma wasu tarukan ana yin su a harabar coci. Ƙungiyar ba ta bin wani addini, matakai 12 da mambobinta suke bi wajen barin sha suna magana ne a kan Ubangiji gwargwadon yadda kowa ya fahimce Shi. Duk da haka, idan zuciyarka ba ta kwanta ba, akwai Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a birnin Baltimore a 1989 suka daidaita matakan da koyarwar Musulunci, akwai kuma SMART Recovery da ta fara a 1994, wadda ta dogara da dabarun sarrafa tunani da sha'awa. Dukansu suna da taruka ta intanet.

Kada ka yanke hukunci da zama ɗaya, domin kowane rukuni da yanayinsa. Ka gwada wurare daban-daban. Idan kuma ka sake zamewa, ka koma taro na gaba ka faɗi gaskiya, ba a korar kowa saboda haka. Ka tambayi likita game da magunguna irin su naltrexone da suke rage kwaɗayin giya, domin ana iya haɗa su da halartar taro. Mai ɗakinka kuma, idan ka yanke shawarar sanar da ita, akwai ƙungiyar Al-Anon da aka tanada musamman domin iyalan masu fama da sha.