Ka canza dima, fitilun wani ɗaki sun mutu

To yarona na ga saƙonka. Ka ce ka cire tsohuwar dima ta falo, wato makunnin nan mai rage hasken fitila, ka sa sabuwa, yanzu ƙwayayen falon suna ta ƙyaftawa da wata 'yar ƙara in ka rage haske, sannan fitilar korido da ta ɗakin da ke kusa sun ɗauke alhali jiya lafiya lau suke, kana tambaya wai ko dimar ce jabu ka mayar musu da abinsu. Kar ka mayar tukuna. Matsala biyu ce ka haɗa wuri guda, kuma ta fitilun da suka mutu ita ta fi damuna.

Kafin ka sake taɓa sukuru ko ɗaya ka je ka kashe bireka, kuma dan Allah kar ka dogara da ɗan tastan nan mai haske, yana ƙarya, wani lokaci ya kama a wayar da ba wuta wani lokaci ya yi shiru a wadda za ta jefar da kai. Mitar hannu ta auna wuta za ka ɗauka, ka fara gwada ta a soket ɗin da ka san akwai wuta, sannan ka auna wayoyin, sannan ka koma soket ɗin ka tabbatar mitar ba ta mutu a hannunka ba.

Yanzu faɗa min, wayoyi nawa ka tarar a bayan tsohuwar, ban da ta at, wato wayar kariya mai kai wuta ƙasa? Ina kyautata zaton uku ne, kuma biyu a rami ɗaya suke. Ɗaya ita ke kawo layif, wato wuta, daga bod inda bireka yake, ta biyun tana ɗaukar wannan layif ɗin ta wuce da shi makunnin korido da ɗakin gaba, ta ukun ce kaɗai ke hawa zuwa ƙwai. Kai kuma da ka ga sabuwar tana da rami uku, COM da L1 da L2, ga waya uku a hannu, sai ka raba wa kowa nasa, ka ga ka yanke wa na gaba hanya kenan. L2 ɗin nan na inda ake kunna fitila ɗaya daga wuri biyu ne kamar sama da ƙasan bene, a aikinka fanko zai zauna. Gwada ma ka gani, a wasu dimomin in ka kashe falo sai korido ta kawo, in haka ta faru to magana ta ƙare. Ka ware wayoyin kar su taɓa juna ko akwatin, ka kunna bireka ka auna kowace da at, wadda ta nuna wuta ita ce mai kawowa, ka kashe ka naɗa mata tef. Ita da mai wucewa su koma COM tare, ta ƙwai ta shiga L1. Kalar waya kuwa kar ta ruɗe ka, sau da yawa wadda ke komawa ƙwai kalar nutural gare ta, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, amma layif ce. Ka ɗaure sosai ka ja kowace da yatsa, sako-sakon sukuru shi ke kawo zafi da warin ƙonewa cikin bango, kuma in fuskar dimar ta ƙarfe ce lallai at ya hau kanta.

Shi ya sa kullum nake ce muku ku ɗauki hoto kafin ku kwance.

Batun ƙyaftawa kuma ba lallai laifin hannunka ba ne. Dima ba rage ƙarfin wuta take kamar famfo ba, datsa ta take, a wuta mai 50Hz sau 100 a sakan ɗaya take yanke wani ɓangare ta saki saura. Tsohon ƙwai mai zare bai damu ba tunda zaren bai gama hucewa ba wutar ta dawo, amma LED akwai ɗan sakit a gindinsa da ba kowane ne ke jure wannan datsar ba. Duba kwalin ƙwan, in ba a rubuta ana iya rage haskensa ba to ba dimar da za ta yi masa. Sannan duba bayan dimar, da yawa cikin irin na da suna son lodi aƙalla wat 40, kai kuma in ƙwai uku ne masu wat 7 ka ga 21 kenan, bai kai ba, dole ta riƙa rawa. Maganinsa dima wadda aka yi don LED, wasu ma suna da ɗan abin murɗawa da ake saita ƙarshen ragin da shi. Kuma in akwai fanka a layin nan ka raba ta, fanka regileta take so, dimar fitila gurnani za ta sa ta da zafin injinta.

Abu ɗaya da ban ji ka faɗa ba, ta yi tartsatsi ko bireka ya faɗi lokacin da ka fara kunnawa? In ya faru kuma yanzu haske ya tsaya a ƙarshe ba ya raguwa, to abin datsar da ke ciki ya ƙone, sai wata. Gobe ka taho min da tsohuwar dimar da ƙwai ɗaya daga falon mu gwada su a kan benci kana gani.